Wane fim za a haska wa matasa a kan 'yan daba da tuba?

Shugaban zumuntar matasa da ke son haska fim a kan 'yan daba, dare ɗaya ne kawai a hannunsa. An aro majigi, an sayi man janareta, an gayyato yaran unguwa, har da waɗanda ba sa taka ƙofar majami'a sai ranar Kirsimeti. Idan aka sa fim ɗin da bai dace ba, kafin a kai rabi benci ya zama wayam, kuma da wuya su sake amsa gayyata. Finafinan Kirista da suka taɓo wannan batu suna da dama, amma uku ne nake ganin sun isa a zauna a auna su: The Cross and the Switchblade na 1970, da G-Dog na 2012, da Victor na 2015. Dukansu daga Amurka suka fito, kuma dukansu a kan rayuwar mutane na gaskiya aka gina su. Akwai wasu biyu da ake yawan ambata, zan taɓo su a gaba.

Abin da nake dubawa a kowannensu shi ne abin da ya faru washegarin tuba. Yaro ya fito gaba, ya durƙusa, ya yi kuka, an yi masa addu'a. To, gari ya waye, abokan jiya suna nan a bakin layi, mai sayar da ƙwaya ya san ƙofar gidansu, waɗanda ya sara ba su manta ba, aljihunsa kuma babu ko sisi. A nan ne finafinan uku suka rabu da juna.

Na fara da tsohon cikinsu, domin shi ne uban sauran. David Wilkerson fasto ne na ikilisiyar Assemblies of God a wani ƙaramin gari mai suna Philipsburg a jihar Pennsylvania. Ya sayar da talabijin ɗinsa, ya mai da lokacin kallon dare lokacin addu'a. A farkon 1958, yana ɗan shekara 26, ya buɗe mujallar Life ya ga zanen wasu samari bakwai da ake yi wa shari'a a New York kan kisan Michael Farmer, yaro ɗan shekara 15 da shan inna ta taɓa. Ya tuƙa mota ya tafi birnin, ya shiga kotu, ya yi ƙoƙarin yi wa alƙali magana, 'yan sanda suka fitar da shi, 'yan jarida suka ɗauki hotonsa yana ɗaga Littafi Mai Tsarki. Ya koma gida da kunya. Amma wannan hoton ne ya buɗe masa ƙofa, domin da ya dawo, yaran titi suka gane shi, suka ce tunda 'yan sanda ba sa son sa, su ma ba a son su, to nasu ne. Daga nan ya haɗu da dabar Mau Maus ta Brooklyn, da wani saurayi ɗan Puerto Rico, Nicky Cruz, wanda iyayensa masu tsafi ne, uwarsa ta taɓa kiran sa ɗan Shaiɗan, aka turo shi New York wurin wansa yana ɗan shekara 15.

Littafin ya fito a 1963, fim ɗin kuma a 1970. Don Murray ne ya ba da umarni, mawaƙin nan Pat Boone ya fito a matsayin faston, Erik Estrada kuma, a fim ɗinsa na farko, ya fito a Nicky. Wurare biyu ne a cikinsa da ba sa tsufa. Na farko shi ne inda Nicky ya yi barazanar kashe faston, shi kuma ya amsa masa cewa ko da zai yanka shi gunduwa-gunduwa har dubu ya shimfiɗa a titi, kowace gunduwa za ta ci gaba da ƙaunarsa. Na biyu shi ne taron wa'azin ƙarshe, inda daba biyu masu gaba da juna, Mau Maus da Bishops, suka cika zaure da niyyar faɗa. Faston ya kira 'yan dabar da kansu ya ce su karɓi baiko. Suka zaga suka tara kuɗi, suka bi ta bayan dandamali inda ƙofar fita take a buɗe, babu mai ganin su. Kowa a zauren ya ɗauka sun tafi ke nan. Sai ga su sun dawo da kuɗin sun miƙa masa. Ni a wurina wannan ne zuciyar fim ɗin, har ya fi wa'azin da ya biyo baya. Yaron da tun tasowarsa ake ɓoye jaka idan ya shigo ɗaki, yau an damƙa masa amana a gaban jama'a, kuma abin ya fi ƙarfinsa. Duk saurayin da aka taɓa kira ɓarawo a unguwa zai fahimci wannan wuri ba tare da tafinta ba.

Wannan ne babban ƙarfin fim ɗin: labari ne miƙaƙƙe, ana gane shi daga fuska da motsi. Ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai san wane ne ke fushi, wane ne ke tsoro, da lokacin da zuciya ta karye. Bishara kuma a fili take, an ambaci sunan Yesu, an yi kira zuwa tuba, babu kwana-kwana. Akwai kuma wata yarinya a cikinsa, Rosa, wadda muguwar ƙwayar nan hiroyin ta kama, kuma an nuna azabar da jikinta ya sha sa'ad da take rabuwa da ita, don haka 'yan mata ma suna da abin gani.

Rauninsa iri biyu ne. Na farko a ido yake: fim ne da ya haura shekara hamsin. Kiɗan, da suturar, da yadda ake faɗan, za su ba yaran yau dariya a wasu wurare, musamman waɗanda suka saba da finafinan harbe-harbe a waya. Wannan ba ya damuna sosai, dariyar takan wuce da zarar labarin ya kama su. Na biyun ne ke damuna. Fim ɗin ya tsaya a daren tuba, kamar da an durƙusa an tashi shi ke nan magana ta ƙare. A zahiri ba haka aka yi ba. An fitar da Nicky daga unguwar, aka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki a La Puente ta jihar California, can ɗaya gefen ƙasar, nesa da abokan gabansa, kuma da haka ya tsira ya zama mai bishara. Abokinsa Israel Narvaez, shugaban dabar, wanda shi ma ya fito gaba a daren nan, ya koma cikin daba, a 1959 aka kama shi a shari'ar kisan wani saurayi, ya yi shekaru a kurkuku kafin daga baya ya dawo ga bangaskiya. Wilkerson da kansa ya gane cewa wa'azin titi kaɗai bai isa ba, shi ya sa ya kafa Teen Challenge, gidan da mai shaye-shaye ke zama shekara guda ko fiye, aikin da yanzu ya bazu ƙasashe sama da 100. Labarin makarantar da na komawar Israel daba ba sa cikin fim ɗin. Wanda ya haska shi bai faɗi labarin Israel ba, ya bar yaran da rabin gaskiya, kuma wanda ya faɗi bayan mako biyu zai ɗauka tubansa ne na ƙarya.

G-Dog ya faro ne daga inda wancan ya tsaya. Ba wasan kwaikwayo ba ne, kyamara ce ta bi mutane cikin rayuwarsu. Freida Lee Mock ce ta shirya shi, wadda ta taɓa cin kyautar Oscar da wani fim irin wannan. Wanda ake bi shi ne Fada Greg Boyle, limamin Katolika na ƙungiyar Jesuit, kuma sunan fim ɗin laƙabi ne da yaran suka sa masa. A 1986 aka tura shi Dolores Mission a unguwar Boyle Heights ta Los Angeles, majami'ar da ta fi kowace talauci a yankin, tana tsakiyar gidajen gwamnati inda daba takwas ke yaƙi da juna. A 1988 ya binne yaro na farko da daba ta kashe, kuma daga lokacin ya binne fiye da 200. A shekarar ce shi da mutanen ikilisiya, akasarinsu iyaye mata, suka fara nema wa yaran aiki. Da masu kamfanoni suka ƙi ɗaukar mai tarihin kurkuku, sai suka buɗe gidan burodi nasu a 1992. Abin ya girma ya zama Homeboy Industries, mai gidan abinci, da wurin buga rubutu a riguna, da ajujuwan karatu, da masu ba da shawara kan fushi da shaye-shaye, da asibitin goge zanen jiki kyauta. Taken da suka daɗe suna bugawa a rigunansu yana cewa babu abin da ke tare harsashi kamar aikin yi. A 2024 shugaban Amurka ya ba Fada Greg lambar yabo mafi girma da ƙasar ke ba farar hula.

Batun goge zanen nan ya isa a tsaya a kansa. Ɗan daba a Los Angeles yakan rubuta sunan dabarsa a wuya, ko a goshi, ko a fatar ido. Da wannan fuskar babu mai ɗaukarsa aiki, kuma duk abokin gaba da ya hange shi a tashar mota ya san ko shi wane ne. Gogewar da na'ura ake yi, da zafi, kuma sai an yi ta dawowa wata da watanni kafin zanen ya dushe. Mutum ya zauna ya daure wa wannan zafin sau da yawa don 'yarsa ta daina jin kunyar ya kai ta makaranta, wannan ma tuba ne, ko da ba a rera waƙa a kansa ba.

Hanyar Fada Greg ta bambanta da ta Wilkerson a wurare masu muhimmanci, kuma gara mai zaɓe ya san su tun da wuri. Ba ya kiran mutane su fito gaba. Ba ya sa sharaɗin shiga addini kafin ya ba da aiki. A shekarunsa na farko ya yi ta ƙulla sulhu tsakanin daba da daba, daga baya ya daina, ya ce yin haka yana ƙara wa dabar daraja ne, don haka yanzu da mutum ɗaya-ɗaya yake aiki, wanda ya zo da ƙafarsa yana son fita. Sharaɗinsa shi ne ka yarda ka tsaya gefe ɗaya da tsohon maƙiyinka kuna murza ƙullu. Shirin nasu wata 18 ne. Wanda ya koma wa ƙwaya a sallame shi, amma ƙofa a buɗe take ya dawo idan ya shirya, kuma da yawa sukan dawo. Fim ɗin ya kuma faɗo daidai 2010, shekarar da kuɗi suka ƙare wa gidan har aka sallami ma'aikata kusan 300 a lokaci guda. Ana ganin dattijon da ya saba ba mutane bege yana neman abin da zai faɗa musu. Ban san wani fim na bangaskiya da ya nuna tsadar wannan aiki a fili haka ba.

To, me zai hana a haska shi kai tsaye? Abu uku. Magana ce ke ɗauke da shi, kuma Turancin titin Los Angeles ne gauraye da Sifaniyanci, mai sauri, wanda ko malamin makaranta sai ya kasa kunne. Akwai ashar a bakin yaran, domin haka suke magana, kuma ba kowace ikilisiya za ta yarda a ji hakan a harabarta ba. Sannan wanda ke jiran a yi wa'azin ceto dalla-dalla ba zai samu ba. Bangaskiyar Fada Greg a cikin aikinsa ake ganin ta, a yadda yake riƙe sunan kowane yaro, yana kiran su 'ya'yansa. Wasu 'yan'uwa za su ce fim ɗin taimakon jama'a ne kawai. Ban yarda da su ba. Sa'ad da Shawulu ya tuba a hanyar Dimashƙu, cikin ƙiftawar ido abin ya faru, amma da ya zo Urushalima almajirai suka ji tsoronsa, ba su gaskata shi ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 9 ta faɗa. Fim ɗin 1970 labarin hanyar Dimashƙu ne. G-Dog labarin Barnaba ne, kuma ikilisiyoyinmu sun fi ƙarancin Barnaba a kan masu wa'azi.

Victor yana tsakanin biyun. Labarin Victor Torres ne, wanda iyayensa suka ƙaura daga Puerto Rico zuwa Brooklyn neman abinci, a birni ɗaya da Nicky Cruz, 'yan shekaru kaɗan bayansa. Ya shiga daba yana yaro, hiroyin ta kama shi tun yana ɗan shekara 14, ya sha shiga hannun hukuma, a ƙarshe ya sami kansa a gidan Teen Challenge. Daga baya shi da matarsa Carmen suka kafa New Life for Youth a Richmond ta jihar Virginia a 1971, suna karɓar masu shaye-shaye. Brandon Dickerson ne ya ba da umarnin fim ɗin. Hotonsa da sautinsa na zamani ne, don haka matsalar tsufa ba ta taso ba.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne gida. A fim ɗin Nicky da wuya ka ga iyaye. A nan kuwa ana zama da su a ɗaki: uba yana fama da neman abin sawa a baki a ƙasar da ba ta daraja shi, ɗa yana ganin hanyar kuɗi mai sauri a titi yana cewa taimakon gida zai yi, uwa tana addu'a tana bin sa daga wannan wuri zuwa wancan. An kuma nuna cewa fita daga ƙwaya ba sau ɗaya ake yin ta ba, ana gwadawa a faɗi a sake gwadawa. Duk uwar da ta taɓa ɓoye kuɗin cefane a cikin zani saboda ɗan cikinta za ta ga kanta a ciki. Inda ya gaza shi ne zafi. Yana tafiya a hankali, kuma babu wani wuri a cikinsa da ke tsaya wa mutum a rai kamar wurin baikon nan. Ƙwaya ce ainihin abokiyar gabarsa, dabar tana baya-baya. Idan abin da ke cin unguwarku kodin ne da tiramol, wannan ya fi kusa da ku. Idan sara da ramuwar gayya ne, bai kai tsohon ba.

Sauran biyun da na ce zan taɓo. Do You Believe? na 2015 yana da 'yan daba a ciki, amma labarin mutum goma sha biyu ne aka saƙa wuri guda a Chicago, nasu ɗan yanki ne kawai, kuma ƙirƙirarre ne. Ba laifi a kalle shi wata rana, sai dai ba shi ne na wannan dare ba. Machine Gun Preacher na 2011 kuwa, ina roƙon a bar shi. Gerard Butler ne ya fito a matsayin Sam Childers, tsohon ɗan dabar babura mai shaye-shaye daga Pennsylvania, wanda ya tuba, ya gina gidan marayu a Nimule ta Sudan ta Kudu, ya ɗauki bindiga yana yaƙar mayaƙan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen Uganda. A Amurka ma an ware shi ga manya saboda jini da ashar, kuma an yi ta tababa a kan wasu abubuwan da Childers ya faɗa game da kansa. Amma ba wannan ne babban dalilina ba. A garuruwa irin su Jos da Kaduna, inda aka zubar da jini da sunan addini, kuma yaran da muke gayyata su ne ake fara ba wuƙa idan rikici ya tashi, nuna musu mai wa'azi riƙe da bindiga a matsayin gwarzo wasa da wuta ne. Muna so su ajiye makami ne, ba su sauya wanda suke sara dominsa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mai haskawa ya faɗa da bakinsa, ko wanne ya zaɓa. Dabar New York da ta Los Angeles ba ɗaya suke da 'yan daba na Kano, ko 'yan sara-suka na Bauchi da Jos, ko 'yan kalare na Gombe ba. A can ƙaura da launin fata da cinikin ƙwaya ne suka haife su. A nan, sau da yawa ɗan siyasa ne ke ciyar da su lokacin zaɓe ya watsar da su bayansa, kuma babu ɗaya cikin finafinan nan da ya san da wannan. Sannan da yawa daga cikin yaran unguwa da za su leƙo Musulmi ne. A gaya musu tun a wurin gayyata cewa fim ɗin Kirista ne, kada su ji an yaudare su, kuma a sanar da iyayensu.

Ga yadda zan yanke. Idan daren na yaran titi ne, kuma dama ɗaya ce, The Cross and the Switchblade za a sa, duk da tsufansa. A sami mai tafinta da ya riga ya kalla, a tsayar da fim ɗin sau biyu ko uku kawai don kada a kashe masa gudu, in ya ƙare kuma kafin a yi addu'a a ba da labarin Israel da na makarantar da aka tura Nicky. Idan taron na iyaye ne ko na zumuntar mata, Victor ya fi, kuma a bar lokaci mai yawa bayansa, domin za a sami masu son yin magana waɗanda suka daɗe suna ɓoye abin da ke faruwa a gidajensu. G-Dog kuwa na fasto ne da dattawa da shugabannin matasa, a ɗaki, da rubutun maganganun a ƙasan allo.

Da ni ke tsara abin, G-Dog zan fara sawa, mako biyu kafin a gayyaci ko yaro ɗaya. Bayan an kalla, a zauna da takarda a rubuta sunayen 'yan ikilisiya masu sana'a: mai walda, kafinta, bakanike, tela, mai gidan burodi, mai buga bulo. A tambayi kowannensu ido da ido ko zai karɓi yaro ɗaya wanda ya san an taɓa kama shi, da abin da zai yi ran da sukurdireba ta ɓace a shago. A san gidan da yaro zai kwana idan komawa layinsu na nufin a sare shi, a san asibitin da ke duba masu shaye-shaye mafi kusa da kuɗin katinsa. Idan an sami ko mutum uku da suka ce e, a aro majigin a sa ranar haska na Nicky Cruz.